Ƙulli Uku a Wuyan Kwalba

Sau uku Mai Keke ta buga ƙofar ba a amsa ba. Rediyo dai yana ta zuba a ciki, ana karanta labaran safe, amma ba ta ji ɗan tarin nan da Baba Rediyo yake yi kafin ya ce "wane ne?" ba, ko da yake kullum ya san wace ce. Ta ajiye kofin shayin a ƙasa, ta sa kafaɗa ta tura.

Yana zaune a kan siminti ya jingina da ƙafar gado, rigarsa ta jiƙe sharkaf kamar an kwara masa ruwa. Hannunsa na dama yana karkarwa a kan cinyarsa. Bakinsa yana motsi, sai dai abin da ke fitowa ba magana ba ce.

"Baba. Baba, ni ce."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryar, da idanun nan nasa da suka shekara tara ba su ga komai ba, ya kira ta da sunan matarsa wadda ta daɗe da rasuwa.

Gidan haya ne mai ɗaki takwas da famfo ɗaya, irin gidan da in ka yi atishawa a ɗakinka sai a yi maka sannu daga ɗaki na huɗu. Kira ɗaya ta yi tsakar gida ta cika. Kafinta na ɗakin ƙarshe ya shigo da buroshi a baki, Mai Tasi kuma Allah ya sa bai riga ya fita ba. Suka ɗauki tsohon, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, mata suna ta salati suna ba da shawarwarin da ba wanda ya tambaya. Ɗakin ya zama ba kowa sai ita.

A kan teburin aikinsa, tsakanin rediyoyin mutane da ya kwance da 'yan sukurori a cikin murfin gwangwani, kwalabe biyu suna tsaye. Farare ne, girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya. Kowace da baƙin zare a wuyanta, ɗaya mai ƙulli ɗaya, ɗaya mai ƙulli uku. Ita ta ƙulla su da hannunta, yau kwana shida.

Ba ta tsaya shawara da zuciyarta ba. Hannunta ne ya ɗauke su ya zura a aljihun doguwar rigarta, sannan ta fito da gudu ta shiga gaban tasin.

Maganar zaren nan tsohuwa ce. Shekara huɗu ke nan da Mai Keke ta tare a ɗakin da ke manne da na Baba, ta kafa keken ɗinkinta a jikin taga, har sunan ya bi ta. Baba kuwa gyaran rediyo ya yi duk rayuwarsa, kuma makanta ba ta raba shi da sana'ar ba, da kunne da yatsa yake yi. 'Yarsa Auta malamar makaranta ce a can ƙarshen gari, sai an hau mota biyu kafin a je. Duk wata take sayo masa magani iri biyu: na sukari, ƙwaya ɗaya da safe, da na hawan jini, sau uku a rana. Tsohon taurin kai gare shi. Ya ƙi komawa gidan suruki, ya kuma ce shi ba jariri ba ne da za a riƙa ɗura masa magani a baki. Mai Keke ce ta kawo dabara. Ta ɗaura zare mai kauri a wuyan kowace kwalba, ƙulli ɗaya a ta sukari, uku a ta hawan jini. Sai ya shafa da babban yatsa, ya ƙirga, ya sha abinsa ba tare da ya roƙi kowa ba. Ran nan har ƙyalƙyala dariya ya yi, ya ce ashe teloli ma suna da nasu rubutun.

Aikin ba wuya, don murfin ta sukari ja ne, na ɗayar shuɗi. A wannan watan ne kantin maganin ya canja kamfani, ya zuba duka biyun a kwalabe masu farin murfi, aka manna takarda, aka rubuta bayani da ƙananan haruffa. Auta ta zo a gurguje, waya a kunne, mai babur yana jiranta a ƙofar gida. Ta miƙo ledar ta ce, "Anti, ga na Baba, an rubuta a jiki, ki ƙulla masa."

Mai Keke ta ce, "To."

Ta tsaya a bakin taga ta miƙar da hannu iya tsawonsa. Rubutun ya tsaya mata kamar layin tururuwa. Abin da ta iya gani kawai shi ne takardar ɗaya ta fi ɗayar yawan rubutu, sai ta yi lissafi irin nata: maganin da ake sha sau uku ai shi zai fi buƙatar dogon bayani. Ta ƙulla masa uku.

Gaskiyar ita ce shekara biyu ke nan kafar allura tana guje mata. Ta lashi bakin zare, ta murza, ta saita, ya wuce ta gefe. Da farko alluran zamani ta ɗora wa laifi. Daga baya ta daina rubuta awon mutane a littafi ta koma riƙewa a ka, masu kawo ɗinki kuwa suka yi ta yaba ƙwaƙwalwarta, ita kuma ta karɓi yabon ba kunya. Da yamma kanta yakan sara kamar ana buga ƙusa a tsakanin girarta. Maigidanta direban babbar mota ne, kwana biyu yake yi a gida cikin sati biyu, mutumin da ko labule aka canja sai an nuna masa. A tsallaken titi kuma wasu 'yan mata sun buɗe shago da kekuna biyu na lantarki. Ran da aka gan ta da tabarau, ran nan za a ce Mai Keke ta tsufa, a kwashe yadudduka a tsallaka.

Amma ba wannan ne babban tsoron ba. Babban tsoron yana zaune a bayan bangonta, kullum da safe tana kai masa shayi tana kallon idanunsa. Ta ƙudurta a ranta cewa haka abin yake farawa, kuma muddin ba ta je wani likita ya kira sunan ciwon ba, to bai tabbata ba tukuna.

A asibiti aka shige da Baba, aka bar su a kan benci. Mai Keke ta lura da wani abu da ya ƙara ɗaga mata hankali: in ta motsa, ƙwayoyin suna kaɗawa a aljihunta. Ta dafe wurin da tafin hannu kamar mai ciwon ciki, ta zauna ƙiƙam.

Auta ta iso da alli a hannun rigarta, ko jaka ba ta ɗauko ba. Ba a jima ba wata likita siririya ta fito tana cire safar hannu.

"Su waye masu tsohon nan?"

"Ni ce 'yarsa. Wannan maƙwabciyarsa ce, ita ke kula da shi."

"Sukarinsa ne ya yi ƙasa ƙwarai. Mun sa masa ruwa, ya fara dawowa. Wane magani yake sha?"

"Na sukari da na hawan jini. Suna ɗakinsa."

"A kawo min su in gani."

Aka tura Kafinta. Bayan awa guda ya dawo yana share gumi, ya ce ya duba tebur, ya ɗaga katifa, har ƙarƙashin gado ya leƙa, babu. Ƙila a hayaniyar ɗauko shi aka yi fatali da su. Mai Keke tana jin su, idonta a kan yatsun ƙafarta. Likitar ta tambaya ko yana cin abinci sosai, Auta ta ce Baba dai ba ma'abocin ci ba ne. Likitar ta gyaɗa kai ta ce to, wataƙila ya sha maganin ne ciki ba komai, tsofaffi sukan yi haka. In ya daidaita zuwa yamma za a cire ruwan.

Da azahar Mai Keke ta ce za ta zaga. Ta bi ta bayan ginin inda ake shanya zanen gado, ta tsaya a tsakiyar rana, ta fito da kwalaben. Ta kusantar, ta nisantar, ta rufe ido ɗaya, ta matse ɗayan har hawaye ya fito. Amsar tana hannunta, baƙi a kan fari, ita kuwa da ta gama sakandare da sakamako mai kyau ta kasa karantawa. Wata mata mai wanki ta zo wucewa da kwando, har Mai Keke ta buɗe baki za ta ce "baiwar Allah, duba min nan," sai ta tuna sunan Baba yana jikin takardar. Ta mayar da su aljihu. Ai wataƙila daidai ta ƙulla. Abu biyu ne, ko dai ta dace ko ba ta dace ba, me zai sa sai mummunan ne zai faɗo mata? Da wannan ta lallashi kanta ta koma ciki.

Bayan la'asar Baba ya farka garau. Ya sha shayi rabin kofi, ya yi ƙorafin cewa an yi masa rowar sukari, ya aiki Auta ta sayo masa sabulu da soso, wai shi ba zai kwana da warin asibiti ba. Da takunta ya yi nisa sai ya juyo da kai.

"Mai Keke, matso."

Ta matso da kujerar.

"Me ke kaɗawa a jikinki tun ɗazu?"

Ta ce, "Baba," ta ƙara dafe aljihun.

"Kwana huɗu ke nan ina jin jiri da yunwa marar dalili. Na ce sabon kamfani ne, jikina zai saba." Ya lalubo gefen gadon ya dafa. "Kin san bangonmu ɗaya. Da, in zare ya tsinke miki, kafin in ƙirga biyar keke ya ci gaba. Bara ya koma ashirin. Watan jiya na ƙirga ɗari da sha biyu, na ji kin yi tsaki, kin tashi kin ɗage labule."

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi yana sauka ba ta share ba.

"Ka sani ashe. Me ya hana ka yi min magana?"

"Abin da ya hana ki. Na ce mace mai ji da kanta, in na faɗa za ta daina shigo min, shayina ya yanke." Ya ɗan yi murmushi. "Kin ga tsoho da son kai."

"Ban san ko na juya su ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Na duba, na kasa."

"Ni ma ban sani ba, makafi biyu ne suka haɗu." Ya sauke numfashi. "Ni nawa daga gefe ya fara. Ina buga kafaɗa a ƙofa ina zagin wanda ya kafa ta. Shekara shida ina haka. Ran da na je, likita ya ce hawan jinin ido ne, da na zo da wuri ɗigon magani kawai zai tsare min abin da nake da shi. Wanda ya tafi kuma ya tafi. Na tambaye shi sau biyu, ko zai canja magana, bai canja ba. Naki ba lallai irin nawa ba ne, 'yar nan. Amma zama a ɗaki ba zai gaya miki ba."

"Tsoro nake ji."

"Na sani. Tashi da tsoron naki ki kai wa likitar nan kwalaben. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ajiye mata kawai."

"Auta fa?"

"Auta ni na haife ta, ni zan ji da ita. Tashi."

Ta tashi, kuma Allah ya sani da niyyar kaiwa ta tashi. Ta tarar da ofishin likitar a rufe. Wata nas mai ƙiba da ke rubutu a tebur ta ce likita ta tashi aiki, wani ne zai karɓa, yana hanya.

"Ko akwai saƙo?"

Mai Keke ta sa hannu a aljihu. Daidai nan Auta ta ɓullo daga kwana da leda a hannu, fuskarta ta saki a karon farko tun safe. Ta ajiye ledar a teburin nas ɗin, ta kama hannuwan Mai Keke duka biyu, har wanda ya fito daga aljihun.

"Anti, ban ma yi miki godiya ba. Da ba ki buga ƙofar nan ba, da yanzu wani zancen ake. Ke ce idon Baba. Mu 'ya'yan suna ne kawai, mu zo mu ajiye leda mu gudu. Allah ya saka miki, ya jiƙan mahaifanki."

Nas ɗin tana kallonsu, biro a hannu, tana jiran amsa.

Mai Keke ta ce, "Babu saƙo. Gaisuwa ce."

A hanyar gida ta tsara komai tsaf. Ai ga shi ya farka, har yana tsokana, an ma cire masa ruwan. Gobe da sassafe za ta tare siririyar likitar ita kaɗai, kafin Auta ta gani. Kwana ɗaya ne. Ta yi ta maimaita wa kanta haka har ta isa, amma ko loma ɗaya ba ta iya haɗiyewa ba.

Da safe ta tarar an zagaye gadon Baba da labule. Auta tana tsaye a jikin bango da kayan jiya, idanunta sun kumbura. Ta ce wajen asuba sukarin ya sake faɗuwa yana cikin barci. Tana zaune a gefensa, tana jin minsharinsa, har tana murna ya samu hutu. Sai da nas ta zo awo aka tashe shi bai tashi ba.

Likitar ta fito daga bayan labulen da takardu a hannu, tana magana kamar da kanta take.

"Ban gane ba. Wanda ya sha ƙwaya ɗaya jiya da safe ba ya sake faɗuwa haka. Har yanzu ba a ga magungunan nan ba?"

Mai Keke ta zaro kwalaben ta ajiye a kan farantin ƙarfen da ke gefen gado. Ƙarar da suka yi ba ta kai ta cokali ba, amma kowa ya waiwayo.

Likitar ta ɗauka ta karanta, kallo ɗaya ta yi wa kowace. Ta taɓa zaren.

"Wannan fa?"

"Ni na ɗaura. Ƙulli ɗaya, sau ɗaya zai sha. Uku, sau uku."

Likitar ta ɗaga mai ƙulli uku.

"Wannan ne na sukarin."

Daga gadon da ke kusa wani yana ta kiran a kawo masa ruwa.

"Kwana nawa yana sha haka?"

"Shida."

"Da na ga wannan jiya, da ban cire ruwan ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, ko kallon Mai Keke ba ta yi ba. Ta juya da sauri tana kiran nas, ta shige bayan labulen.

Auta ta taka ta zo gabanta a hankali.

"Anti, jiya suna jikinki?"

"E."

"Lokacin da aka tura Kafinta?"

"E."

"Lokacin da nake riƙe da hannunki?"

Mai Keke ta gyaɗa kai.

"Ran da na kawo su ina tsaye a gabanki. Minti ɗaya ne in karanta miki."

"Ba na gani, Auta. Na kusa ba na gani. Shekara biyu ke nan."

Ta zaci Auta za ta mare ta, har ta so a ce ta yi. Auta ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya ta fuskanci bango, ta jingina goshinta da shi.

Kwana biyu Baba Rediyo ya ƙara bai buɗe baki ba. Likitar ta ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba sukari, zuciyar kuma dama ta gaji. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, Auta tana riƙe da ƙafarsa. Mai Keke tana waje a kan benci, don tun ran nan ba ta sake tsallaka ƙofar ɗakin ba, kuma ba wanda ya ce ta shigo.

Auta ba ta gaya wa kowa ba, kuma wannan ya fi komai azabtar da ita. Matan gida suka riƙa shigowa ɗakinta suna yi mata ta'aziyya ta musamman, wai ita ce ta yi rashi, ita da ta riƙe tsohon kamar ubanta. Matar Kafinta har da cewa Allah ya ba mu maƙwabta irinki. Masu rediyo suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓi kayansu a kwance. Ta lulluɓe keken da tsohon zane, ta mayar wa mutane yaduddukansu ta ce ba ta jin daɗi. Ko wace ƙafa ta ji a tsakar gida sai ta ce a ranta: ga 'yan sanda nan, ga mijin Auta nan. Maigidanta ya zo ya yi kwana biyunsa, ya ce ta rame, ta rage sa abu a rai, ya koma.

A rana ta goma aka buga ƙofa, bugu biyu. Auta ce, ita kaɗai.

"Anti, ɗauko mayafinki."

Ba ta tambayi ina za su ba. Ta kashe murhu, ta ba matar Kafinta makulli, ta ce in ta daɗe a gaya wa maigidanta. A cikin tasi kowacce ta kama tagarta. Da suka doshi ofishin 'yan sanda Mai Keke ta gyara zama ta riƙe murfin motar, amma direban ya wuce bai rage gudu ba. A ƙofar asibitin suka sauka. Auta ta bi wata hanya daban da ta ran nan, ta tsaya gaban wani dogon ɗaki inda mutane ke zaune a jere, wasu da auduga manne a ido ɗaya. Ta karɓo kati ta miƙa mata.

"Ran da kika tafi gida, kafin ya yi barci, ya ce in kawo ki nan. Sau biyu ya faɗa. Na zaci ruɗewar ciwo ce." Ba ta kalle ta ba. "Saƙonsa na zo cikawa. Kada ki ɗauka wani abu ne."

Da aka kira lambarta ta tashi ta shiga. Likitan idon dattijo ne mai furfura a gemu. Ya sa ta ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ya haska mata fitila, ya auna wannan ido ya auna wancan. Ita dai tana jiran ya kira sunan ciwon.

"Hajiya, shekarunki nawa?"

"Arba'in da bakwai."

"To ai shi ne. Cikin idonki lafiya lau, ba hawan jini, ba yanar ido. Kusan kowa in ya haura arba'in na kusa yakan fara gagararsa, ni ma ga nawa a aljihu." Ya ɗora mata wani firam mai nauyi a hanci, ya zura gilashi biyu, ya miƙo mata kati. "Karanta min."

Haruffan suka tsaya cak, kowanne da bakinsa, baƙi wuluk. Ta karanta layin farko, ta karanta na biyu, ta gangara har na ƙarshe wanda ya fi rubutun jikin kwalba ƙanƙanta. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ki karɓi tabarau a taga ta gaba, akwai mai lambar gilashinki a shirye. Ki riƙa zuwa duk shekara ana dubawa."

"Likita, shi ke nan?"

Ya ɗago ya dube ta, bai san me ya sa matar da aka yi wa albishir take neman faɗuwa ba. Duka-duka ba su yi minti goma ba.

Ta fito da tabarau a fuska ta tarar da Auta a inda ta bar ta. Babu wuri sai kusa da ita, ta zauna a ɗofane, ta sunkuyar da kai. Hannun Auta yana kan cinyarta, kuma rigar da ke jikinta Mai Keke ta gane ta, ita ta ɗinka mata wata uku da suka wuce. Yanzu ta ga bakin hannun rigar. Ɗinkin ya karkace ya bar layi, a wuri biyu keken ya yi tsallake ya bar rata, kuma wani ya bi ratar da allurar hannu ya cike ta a hankali, da zaren da bai yi daidai da launin yadin ba.

Auta ta bi idonta ta ga inda ya tsaya. Ta ɗora ɗayan hannunta ta rufe wurin. Suka ci gaba da zama a haka, ana ta kiran lambobin mutane.